Ƙullutu a tafin hannu, yatsa na lanƙwashewa: nan zai tsaya ko gaba zai yi? Tambayoyi da amsoshi

Shekarun baya wani kawuna, ɗan kasuwar hatsi a nan Maradi, ya miƙo mini hannunsa na dama bayan la'asar ya ce, "Kai da kake aikin asibiti, duba mini wannan." A tafin hannun, daidai gindin yatsan zobe, akwai ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar wake, fatar kusa da shi ta ɗan lotsa ciki. Ba ya masa ciwo. Bai tambaye ni sunan cutar ba, bai tambayi magani ba. Abin da yake son ji shi ne: nan zai tsaya, ko gaba zai yi? Bayan shi na ji tambayar nan daga bakin wasu, ba su da yawa, domin cutar ba ta cika kama mu ba. Na tattara abin da suka tambaya da yadda nake amsa musu.

Wace irin cuta ce wannan? Ba mu san ta da suna ba.

Ba ta da sunan Hausa da kowa ya yarda da shi. A takardar likita za ka ga an rubuta Dupuytren, ana faɗinsa kamar Dufitiran. Sunan wani likitan fiɗa ne na Faransa, Guillaume Dupuytren, wanda ya yi aikin wannan cuta a birnin Paris a 1831 ya kuma koyar da ɗalibansa inda matsalar take. Ba shi ya fara ganin ta ba. Wani likita a Suwizalan, Felix Platter, ya rubuta bayaninta tun 1614. Amma suna ya bi Bafaranshen.

A ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wani tantani mai ƙarfi, shimfiɗe kamar mafici, daga wuyan hannu zuwa gindin yatsu. Shi ke riƙe fata kada ta zame idan ka damƙi ƙotar gatari. A wannan cuta, ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne jawo bakin rauni su haɗe shi sai su tashi aiki alhali babu rauni. Su taru wuri ɗaya, shi ne ƙullutun. Daga baya su saƙa wani abu kamar tsirkiya daga tafi zuwa yatsa, tsirkiyar ta riƙa gajarcewa. Wanda ya taɓa ganin an ɗaure ƙota da ɗanyar fata ya san yadda take ja idan ta bushe. Haka tsirkiyar nan ke jawo yatsa zuwa cikin tafi, a hankali, cikin shekaru. Yatsan zobe da ƙaramin yatsa ta fi kamawa. Jijiyar da ke motsa yatsan lafiyarta lau, shi ya sa mutum yana iya dunƙule hannu da ƙarfinsa. Buɗewa ce ke gagara.

Ba kansa ba ce, wato ciwon daji, ba ta yaɗuwa zuwa ciki ko ƙirji, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Malam, a gida an fara raɗa cewa kuturta ce. Yaya zan bambance?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo kafin kowace, domin a ƙasarmu yatsa lanƙwasasshe yana da dalilai da yawa da suka fi Dufitiran yawa nesa ba kusa ba. Kafin a yi hasashen inda cuta za ta, sai an tabbata ita ce.

Kuturta jijiyar ji take kamawa. Ita ma ƙaramin yatsa da na zobe take fara murɗewa, shi ya sa ake ruɗewa, amma siffar daban ce: gindin yatsan yana ɗagewa baya, gaɓoɓin gaba su lanƙwashe kamar ƙafar shaho. Naman gefen hannu yana ramewa. Wurin ya mutu, mutum ya taɓa tukunya mai zafi bai ji ba. Sau da yawa akwai tabo mai haske a jiki wanda ba ya ji idan an taɓa shi. Kuma da farko, idan ka kama yatsan da ɗaya hannun, yana miƙewa. A Dufitiran ji yana nan daram, naman hannu bai rame ba, idan ka ja yatsan sai ka ga tsirkiyar ta ɗago ƙarƙashin fata ta ƙi sakin sa. Duk wanda ya ga mutuwar ji a yatsunsa, kada ya jira wata uku yana aune-aune. Asibitin Danja da ke kudu da gari sun daɗe da sanin wannan aiki, maganin kuturta kyauta ne, ana shan sa wata 6 ko 12, kuma abin da jijiya ta rasa kafin a fara magani shi ne ke da wuyar dawowa.

Akwai kuma yatsa mai maƙalewa, wanda da safe yake ƙin buɗewa sai an ja shi ya yi ƙas. Shi ma yana da ɗan ƙullutu a gindi, amma idan ka ɗora yatsanka a kai ka ce a motsa, ƙullutun yana tafiya yana dawowa, don a kan jijiya yake. Na Dufitiran manne yake da fata, ba ya motsi. Akwai tabon ƙuna, wanda tarihinsa a bayyane yake. Akwai hannun da ya ƙandare bayan ɗorin da aka matse har jini ya kasa wucewa, yawanci yaro ne da ya karye a gwiwar hannu. Wannan duk yatsun ne ke lanƙwashewa tare, idan an lanƙwasa wuyan hannu sai su ɗan saki. Akwai na shanyewar ɓarin jiki. Akwai ƙaramin yatsa da ya ɗan karkata tun yarinta. Sai kuma kanta, wadda duk mai noma ya san ta: tana saman fata, kuma tana laushi da rani idan an ajiye hauya.

To an tabbatar ita ce. Dole yatsan ya lanƙwashe?

A'a, Baba. Mafi yawan masu ƙullutu ba sa kaiwa ga fiɗa. A Amurka an bi wasu masu ƙullutu kaɗai har fiye da shekara 8, sakamakon ya fito a 2005: kusan rabinsu ne suka yi tsirkiya, waɗanda yatsansu ya lanƙwashe har ya isa aiki ba su kai 1 cikin 10 ba, wasu ma ƙullutun nasu ya baje da kansa. A Groningen ta ƙasar Holan likitoci sun riƙa auna hannun mutane ɗaya a kai a kai shekara da shekaru, suka tarar a wurin yawancinsu abin tsaye yake.

Amma tafiyar cutar ba irin ta agogo ba ce. Takan yi shekara biyar a kwance, sannan cikin wata shida ta jawo yatsa, ta sake kwanciya. Don haka likitan da ya kalli hannunka sau ɗaya ya ce maka "nan da shekara biyu zai naɗe," ko ya ce "ba abin da zai faru," ya faɗi abin da ya fi ƙarfin ganinsa. Abin da ake iya yi shi ne a ce kana cikin waɗanda tasu ke sauri ko waɗanda tasu ke jan ƙafa, sannan a bar lokaci ya nuna.

Da me ake gane wanda tasa za ta yi sauri?

Wani likitan hannu na Ostareliya, John Hueston, ya lura tun 1963 cewa akwai mutanen da cutar ke da zafi a jikinsu: ta zo da wuri, ta yi sauri, a yi aiki ta dawo. Ya tara alamominsu, daga baya wasu suka ƙara a kai. Da su ake aiki har yau, kuma babu wadda ke bukatar na'ura.

Ta farko kuma mafi nauyi a wurina ita ce shekaru. Dattijo mai shekara 70 da ya ga ƙullutu bana, mai yiwuwa da shi zai ƙare rayuwarsa bai hana shi komai ba. Wanda ta fara masa kafin 50, balle ɗan shekara 35, nasa hisabin daban: cutar ta fi ƙarfi a jikinsa, ga kuma shekaru masu yawa a gabanta. Namiji ya fi mace haɗari; mata takan zo musu a makare kuma da sauƙi. Sai gado: idan mahaifi, ko baffa, ko wa yana da irin yatsan nan. A nan sai an yi tambaya da kyau, don a gidajenmu ba a kiran abin da suna. Ana dai cewa "Kaka ai ba ya iya shimfiɗa hannu," ko a ce wani tsohon rauni ne. Binciken tagwaye da aka yi a Denmak, wanda ya fito a 2015, ya nuna gado ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na dalilin cutar.

Hannu biyu ya fi hannu ɗaya muni, yatsu uku sun fi yatsa ɗaya. Idan ta kama ɓangaren babban yatsa da manuniya, wanda ba wurinta ba ne na al'ada, wannan ma alamar zafi ce.

Sai alamar da mutane ke mamaki: irin wannan tauri a wani wuri na jiki. Kan bayan gaɓoɓin tsakiyar yatsu akan sami wasu 'yan kumburi masu tauri kamar kanta. A tafin ƙafa, wajen lotsawar tsakiya, akan sami ƙullutu wanda mutum ke ji idan ya taka ƙasa ba takalmi. Ga maza kuma, akwai taurin da ke sa gaba ya karkace idan ya miƙe. Wannan na ƙarshe ba wanda ke faɗa sai an tambaye shi a keɓe, kuma ba a zargi kowa ba. Amma ka daure ka gaya wa likita, domin duk dangin juna ne, kuma mai ɗaya daga cikinsu tare da ta hannu shi ne ake sa wa ido sosai.

Ba a lissafa su kamar kuɗi a ce uku sun ba da kaza. Ana dai cewa kowace ta ƙaru, haɗarin ya ƙaru. Kawuna ya haura 60 lokacin da ya nuna mini, hannu ɗaya, yatsa ɗaya, ƙafa lafiya, babu wanda ya tuna irin haka a dangi. Na ce masa alamunsa na masu jan ƙafa ne, amma mu riƙa dubawa.

Na ji an ce cutar Turawa ce. Me ya kawo ta hannun Bahaushe?

Gaskiya ne ta fi yawa a mutanen arewacin Turai, irin su Nowe da Aisilan da Sikotilan. A ƙasashen Yamma an ƙiyasta kusan mutum 12 cikin 100 suna da ita a shekara 55, ta kai kusan 29 cikin 100 a shekara 75. Tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan da tsohuwar firaministar Ingila Margaret Thatcher duk an yi musu aikinta. A baƙar fata ba ta da yawa, amma an same ta an rubuta a ƙasashen Afirka, a mutanen da ba su haɗa jini da Bature ba. Illar sunan "cutar Turawa" ita ce ma'aikacin lafiya ya ga tsirkiya ƙiri-ƙiri ya kawar da kai don an koya masa ba tamu ba ce. Sannan ka riƙe cewa alƙaluman da na kawo daga hannun Turawa aka auno su, shi ya sa awon da za ka yi wa naka hannun ya fi su amfani a gare ka.

Ina da ciwon suga. Shi ya jawo? Kuma zai sa ta yi sauri?

Hajiya, masu suga sun fi sauran mutane samun ta, kuma gwargwadon daɗewar ciwon gwargwadon yiwuwar. Sai dai tasu yawanci mai sanyi ce: ƙullutu da ɗan tauri, sau da yawa wajen yatsan tsakiya da na zobe, ba ta cika naɗe yatsa ba. Abin da ya fi damun mai suga shi ne yatsa mai maƙalewa, da wani ƙandarewar gaɓoɓi da ke hana tafi biyu haɗuwa sosai idan an manna su. Ga wanda bai san matsayinsa ba, ƙullutu a tafi dalili ne na zuwa a auna suga. Wani lokaci ta nan ake gano shi.

Taba da giya suna ƙara haɗari, barinsu ribar hannu ce da ta sauran jiki. Masu farfaɗiya da suka daɗe suna shan fenobabital, wanda aka fi sani da Gardénal, su ma an ga ta fi yawa a cikinsu. Kada kowa ya ajiye maganin farfaɗiya saboda ƙullutu. Faɗuwa cikin wuta ko rijiya ta fi lanƙwasar yatsa, sai dai a gaya wa likitan da ya rubuta.

Ni ɗan kabu-kabu ne, yini nake riƙe da kan babur. In bar sana'a?

Kada ka bari, ƙanena. An ga alaƙa tsakanin cutar da shekaru masu yawa na aikin ƙarfi ko riƙe inji mai girgiza, amma barin aiki ba ya mayar da tsirkiya baya. Naɗa wa maƙamar roba mai laushi, sa safar hannu idan ƙullutun na damunka.

Babu hoto ko gwajin jini da zai faɗi gaskiyar inda za ta?

Hoton ƙashi ba ya nuna ta, don ba a ƙashi take ba. Eko, hoton nan da ake duba mai juna biyu da shi, yana nuna ƙullutun, amma ba ya faɗin ranar da zai ja. A 2011 masu bincike sun gano wurare 9 a ƙwayoyin gado da ke da hannu a cutar, daga baya aka ƙara gano wasu da dama, sai dai wannan bai zama gwajin da ake yi wa majiyyaci a ce masa ga makomarsa ba, ko a Turai. Ido da yatsan likita ne ke gane ta. Kada ka kashe kuɗin hatsi a hotuna.

To a gida, me zan yi in san ko tana gaba?

Nan ne aikin yake, kuma ba ya cin ko dala.

Hueston ɗin nan ya bar wani gwaji mai sauƙi: ka shimfiɗa tafin hannu a kan tebur. Idan tafi da yatsu duk sun kwanta, ba sauran rata, ba a kai lokacin aiki ba. Ranar da hannun ya ƙi kwanciya, ya yi ƙoƙo har alƙalami zai shige ƙarƙashi, lokacin ganin likitan fiɗa ya yi. Mu da muke sa tafi a ƙasa a kowace sujada, gwajin nan muna yin sa kullum ba mu sani ba, kuma da yawa a sujada suka fara lura. Sai dai darduma da yashi suna ruɗi, suna cike ratar. Nemi abu mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe: tebur, daɓen siminti, ko allon yara.

Gwajin tebur yana faɗin an iso ko ba a iso ba, ba ya faɗin sauri. Don sanin sauri sai da rubutu. Ka ware takarda ɗaya. Ka miƙe yatsan iyakar iyawarsa, ka kwantar da hannun ta gefen ƙaramin yatsa, wani ya zana gefensa da biro, a rubuta kwanan wata. Ko a ɗauki hoto da waya daga gefe, daga wuri ɗaya, a nisa ɗaya. Ƙullutun kuma a zagaye shi da biro a kan fata a ɗauka. Bayan wata uku a sake. Ba kullum ba. Mai duba kullum ba ya ganin canji, sai fargaba. Wanda kwanan wata ke shige masa, ya ɗaura da abin da ba ya mantuwa: ƙaramar salla, babbar salla, Maulidi, shigowar azumi.

A asibiti ana auna kusurwar da wani ɗan ma'auni mai hannu biyu, a faɗa da digiri. Don ka gane lissafin, dubi agogon bango: ƙarfe 1 daidai, tsakanin hannayensa digiri 30 ne; ƙarfe 3 daidai, 90. Wani likitan Faransa, Raoul Tubiana, ya tsara matakai ta hanyar haɗa lanƙwasar gaɓoɓin yatsa ɗaya: zuwa 45 mataki na 1, zuwa 90 na 2, zuwa 135 na 3, abin da ya haura na 4. Idan ka ga an rubuta haka a katinka, ma'anarsa ke nan.

Hannun da zanensa uku a jere suka zo iri ɗaya, a kwance cutar take, sai a koma duba sau biyu a shekara. Wanda kowane zane ya fi na baya lanƙwasa, wannan ya faɗi makomarsa da bakinsa fiye da duk abin da likita zai hasasa. Akwai kuma alamun da rayuwa ke nunawa: yatsa ya tsokane maka ido wajen alwala, ya maƙale a bakin aljihu, ka miƙa hannu a gaisa ya soki tafin mutum har ya kalle ka. Zanen kawuna ya yi shekaru bai motsa ba, sai wata shekara gindin yatsan ya ɗan sunkuya, ya sake tsayawa. Har yanzu yana auna hatsinsa da tiya.

An ce wata gaɓa ta fi wata haɗari. Wace ce?

Ta tsakiyar yatsa, musamman a ƙaramin yatsa. Gaɓar gindi, inda yatsa ya haɗu da tafi, tana da haƙuri: ko ta daɗe a lanƙwashe, idan aka yanke tsirkiyar yawanci takan miƙe sarai. Ta tsakiya ba haka take ba. Idan ta daɗe a naɗe, igiyoyin gaɓar kanta suna gajarcewa, sai a cire tsirkiya yatsa ya ƙi miƙewa gaba ɗaya, kuma nan ce cutar ta fi dawowa. Shi ya sa likitoci ke jira gaɓar gindi ta kai wajen digiri 30, amma ta tsakiya da zarar ta fara lanƙwasa tana ƙaruwa ake maganar aiki. Wanda ya zauna har ƙaramin yatsa ya manne da tafi, fatar ciki ta riƙa jiƙewa tana wari, wani lokaci abin da ya rage shi ne a daskarar da gaɓar ko a cire yatsan.

Tausa da man kaɗanya fa? Ko a ɗaure yatsan da kara ya miƙe?

Man kaɗanya yana gyara fata, ba ya isa ga tantanin. Tausa ba ta cutarwa, ba ta kuma hana tsirkiya ja. Ɗaure yatsa da kara ko jan sa da ƙarfi ba ya tsayar da cutar. Abin da ake samu shi ne ciwo, wani lokaci da tsagewar fata.

Abin da nake roƙo a guje wa shi ne aska. Wanzami gwani ne a aikinsa, amma a nan jijiyoyin ji da na jini na yatsa suna bi ta gefen tsirkiyar, wani lokaci ma tsirkiyar ta naɗe su ta jawo su tsakiya, daf da fata, inda ba a zata ba. Likitan fiɗa da fitila da tabarau ma a hankali yake bi. Tsaga ko sakiya a wurin na iya kashe jin yatsa har abada, tabon kuma ya ƙara ja.

Idan an yi aiki, shi ke nan an rabu?

Ana miƙe yatsa, ba a cire halin jiki. Hanya biyu aka fi bi. Ta allura: a kashe wurin, a sa bakin allura a tsinka tsirkiyar ta cikin fata, a ja yatsa ya miƙe, mutum ya koma gida ranar, cikin 'yan kwanaki ya kama aiki. Likitocin Paris ne suka yaɗa ta tun shekarun 1970. Ta fiɗa: a buɗe tafi a cire tantanin da ya lalace, ɗinki ya yi kamar mako biyu, hannu ya ɗauki makonni kafin ya dawo daidai, da motsa yatsu a wurin masu gashin ƙashi na asibiti. A Holan an kwatanta su biyun, aka bi mutanen shekara 5, sakamakon ya fito a 2012: bayan allura cutar ta dawo wa kusan 85 cikin 100, bayan fiɗa kusan 21.

Kada lissafin nan ya sa a raina allura. Ga tsoho mai shekara 75 da tsirkiya ɗaya a gaɓar gindi, mai suga ko hawan jini, ita ce daidai, kuma idan ta dawo ana sakewa. Ga matashin da ya tara alamun zafi da na lissafa, fiɗa ta fi, wani lokaci ma a cire har fatar wurin a ɗauko wata daga damtse a dasa, domin ƙarƙashin fatar da aka dasa cutar ba ta cika dawowa ba. Wato alamun da ke hasashen saurinta su ne ke hasashen dawowarta, su ne kuma ke zaɓar irin aikin.

Ba a yin fiɗa don ƙullutu kaɗai da sunan riga-kafi. Yanka da kansa rauni ne, yana iya tayar da abin da yake kwance.

Babu maganin da ke tsayar da ita tun tana ƙullutu?

Allurar kotizon tana lausasa ƙullutu mai ciwo na wani lokaci. Mai suga ya sani tana ɗaga suga na 'yan kwanaki. A Jamus ana gasa ƙullutun farko da haske irin na maganin ciwon daji, kaɗan-kaɗan, likitocin wasu ƙasashe kuma ba su gamsu da hujjar ba. Akwai allurar da ke narkar da tsirkiya, wadda Amurka ta amince da ita a 2010, aka janye ta daga kasuwar Turai a 2020. A Oksfod ta Ingila an gwada wani maganin sanyin gaɓoɓi mai suna adalimumab a cikin ƙullutu, a 2022 aka ba da rahoton ya lausasa shi ya rage girmansa; wannan yana matakin bincike. Duk wanda ya tallata maka ƙwaya ko garin da ke narkar da ita a tasha, kuɗinka yake so.

'Ya'yana za su gada? Ɗaya hannun nawa fa?

Suna iya gadon halin, ba dole su yi cutar ba, kuma yara ƙanana ba ta shafe su ba. Ka gaya wa manyansu maza sunanta don kada wata rana a ce musu kuturta ko jifa. Ɗaya hannun ka riƙa sa shi a allo duk lokacin da kake auna na farko, don sau da yawa takan bayyana a can daga baya.

Ina zan nufa a Maradi, kuma yaushe ya fi?

Fara da asibitin unguwa a duba ji a yatsu, a auna suga, a ba ka takardar turawa. Aikin kansa na likitan ƙashi ne ko likitan fiɗa da ya saba da hannu, a babban asibitin jiha ko Asibitin Referans, idan ya fi ƙarfin nan a tura Yamai. Ka tafi da takardar zanenka ko hotunan wayarka, ka tambayi likitan kai tsaye ko ya saba yin wannan aikin, kuma wa zai koya maka motsa yatsu bayansa, don rabin nasarar a nan take.

Tunda ba cutar gaggawa ba ce, kai ke zaɓar lokaci. Manomi kada ya yarda a buɗe masa tafi ana saura wata ɗaya shuka. Ya bari a kai amfani gida, a yi aikin da sanyin hunturu lokacin da gumi ba ya jiƙa bandeji, kafin ruwan farko ya sauka hannun ya isa riƙe hauya. Tela da ɗinkin salla a gabansa ya bari sai bayan salla.